Kurege da Dandalin Rawar Tuje

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

A'a, wannan amsa ce ko hamma? Muryar Hansai kaɗai na ji. Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta!

Yauwa, yanzu na san da masu rai nake magana. Cindo, janye ƙafarka daga bakin murhu, ba ni da maganin ƙuna.

Wani daji ne aka yi, ana ce masa Dajin Sabara. Ba irin dajin nan mai dogayen itatuwa ba, a'a. Sabara ce da geza da kalgo, duk gajeru, wanda ya fi tsawo a cikinsu iyakarsa kafaɗar mutum. In ka bi ta gefensa da rana tsaka sai ka ce, "Wannan wuri ai babu komai." Ƙarya kake, ido ne ba ka da shi. Ƙarƙashin wannan sabarar zabi ne, ƙarƙashin waccan fakara ce da 'ya'yanta. Can zomo ya miƙe ƙafa yana barci, nan bushiya ta dunƙule, gada ta laɓe, damo yana shan inuwa. Kowa da ɗakinsa, kowa asirinsa a rufe.

To a cikin dajin nan akwai Kurege. Kun san shi ai, jelarsa ta fi shi girma, cikinsa kuma ya fi jelar. Allah ya jarabce shi da son ƙwai, so na fitar hankali. Da damina ta sauka, tsuntsaye suka shiga saka ƙwai, sai ƙamshi ya riƙa zuwa hancinsa ta ko'ina. Ya leƙa nan, ganye. Ya leƙa can, ganye. Ya kutsa kai, reshe ya tsokane masa ido. Hanci yana ji, ido ba ya gani, miyau kuwa sai dalala yake.

Rannan ya tari Zabuwa a hanya, ya durƙusa har ƙasa.

Ya ce, "Gwaggo, ina kwana? Ina gajiya? An ce kin sauka lafiya, shi ne na ce bari in zo barka."

Ta ce, "Lafiya lau, Kurege. Na gode."

Ya ce, "Ina ne ɗakin, in shiga in yi wa ƙwayayen addu'a?"

Ta ce, "Yi daga nan, Allah yana ji."

Ta kaɗa kai ta shige cikin ganye, ya neme ta ya rasa. Haka ya yi da Fakara, haka ya yi da kowa. Damina ta ƙare bai ɗanɗana ko ɓawo ba.

Da rani ya shigo sai ya zauna a bakin raminsa, ya yi tagumi, ya yi tunani, ya yi tunani. Can sai ya buga cinya ya ce, "Ashe ni wawa ne! Ba Zabuwa ce abokiyar gabata ba, sabara ce. Ranar da babu sabara, ƙwai a fili zai kwana, sai dai in zo da kwando."

To amma Kurege ba shi da gatari, ba shi da ƙarfin ɗaga shi, kuma babu wanda zai yarda ya taɓa dajin. Sai ya tuna da Tuje.

Tuje shi ne babban tsuntsun dajin, dogo, mai kauri, in ya yi magana ƙanana sukan yi shiru. Su tuje suna da al'adarsu. Kowace bazara, in hadari ya fara haɗuwa, mazansu sukan fito wani ɗan fili a tsakiyar sabara su yi rawa da sassafe. 'Yan matan kuwa ba sa fitowa, kunya ba ta barinsu. Cikin ganye suke laɓewa suna leƙe, wadda ta ga wanda ya yi mata sai ta yi gyaran murya, shi ke nan an daidaita. Shi wannan Tuje namu tuzuru ne. Shekara da shekaru yana rawa, ba a taɓa yi masa ko tari ba. Ni dai da na ga rawar, ban ga laifin 'yan matan ba, don rawarsa kamar mai kashe gobara da ƙafa take.

Kurege ya same shi yana kiwo, ya faɗi ya yi gaisuwa.

Ya ce, "Yallaɓai, akwai maganar da ta daɗe tana cina, amma ina jin nauyinka."

Tuje ya ce, "Faɗi."

Ya ce, "Bara na ga rawarka. Wallahi sai da na yi hawaye. Na ce, wannan baiwa haka, a ce har yau babu mata a ɗaka?"

Tuje ya kumbura wuya ya ce, "Kai ma ka gani ko? Ni abin ya ɗaure mini kai."

Kurege ya ce, "Ai rawar ba ta da laifi, Yallaɓai, ganinta ne ba a yi. Wannan ta ga ƙafarka, ganye ya tare mata wuya. Waccan ta ga wuya, ganye ya tare mata ƙafa. Wa zai auri rabin miji? Da za a faɗaɗa dandalin nan, a gan ka gaba ɗayanka, da sai ka rasa wadda za ka zaɓa."

Tuje ya dubi ƙafarsa, ya ga lalle ƙafa ce ta a gani. Ya ce, "A faɗaɗa."

Zabuwa ta ji labari ta zo da gudu. Ta ce, "Yaya Tuje, in aka sare sabara, mu ina za mu sa kanmu? Ina za mu saka ƙwai?"

Kurege ya yi caraf ya ce, "Haba Gwaggo, wa ya ce sarewa? Kaɗan za a taɓa, baki-baki kawai."

Tuje ya ce, "Kin ji ai, baki-baki kawai."

Sai Kurege ya ruga ƙauyen da ke gefen daji, wurin wani mai gawayi ana ce masa Nomau. Ya ce, "Malam Nomau, arziki yana kiranka. Ga itace can kyauta, ɗauko gatarinka."

Nomau ya ce, "Dajin Sabara? A'a. Tun zamanin kakana busasshen reshe muke ɗiba a can, ba ma taɓa ɗanye."

Kurege ya ce, "Masu gida ne da kansu suka aiko ni. Shara suke so."

Nomau ya sosa ƙeya ya ce, "To, in masu gida sun ce a share, ni wane ne?"

Ya ɗauko gatari, ya kira ƙannensa, suka koro jakuna. Suka sara, suka sara, suka ɗaure, suka loda. Tuje ya shiga fili ya gwada taku, ya buɗe fukafukai.

Kurege ya ce, "Kash! Yallaɓai, gefen fiffikenka ya taɓa ganye. A ƙara kaɗan."

Aka ƙara kaɗan. Tuje ya yi tsalle ya juya.

Kurege ya ce, "Wadda ke gabas ta gani, ta yamma fa? A ƙara kaɗan."

Aka ƙara kaɗan. Fakara ta kwashe 'ya'yanta ta matsa gaba. Aka ƙara kaɗan, Zomo ya farka ya ga rana a kansa. Aka ƙara kaɗan, Gada ta yi tsalle ɗaya, ba a sake ganinta ba. Nomau kuwa ya ɗanɗana, ya ji gawayin sabara yana tafiya a kasuwa, yanzu ba sai an ce masa a ƙara ba. Abin da gatari ya bari, Bunsuru ya shigo da iyalinsa suka bi kututture suna cinye duk tohon da ya leƙo. Kafin bazara, Dajin Sabara ya koma fili fetal, in ka tsaya a wannan baki kana hango wancan.

Kurege ya dubi fili, daɗi ya kama shi har yana birgima. Ya saƙa kwando. Ya nemo gishiri, ya daka yaji, ya ƙulla a ganye. Ku ji mugu, ko wuta bai hura ba ya riga ya wanke hannu.

Hadari ya haɗu, ranar rawa ta zo. Tuje ya fito da sassafe ya tsaya a tsakiyar fili, ya kumbura wuya, ya ɗaga jela, ya kama waƙa:

Ga ni gaba ɗayana, gum, gum!
Mai ƙafa ga wuya, gum, gum!
Mai wuya ga ƙafa, gum, gum!
Wadda ta gani ta yi magana!

Ya taka, ya juya, ya saurara. Shiru. Ya sake kumbura wuya ya maimaita, ya saurara. Shiru, sai iska da ta kwaso rairayi ta watsa masa a ido. Rana ta ɗaga, ƙasa ta yi zafi, babu inuwar da zai fake, rawa ta koma ɗaga wannan ƙafa a sauke waccan.

Shi kuwa Kurege yana can yana zagaya fili da kwando a ka. Ya duba gabas, babu ƙwai. Ya duba yamma, babu ƙwai. Ya ɗaga hanci ya shaƙa, ko ƙamshin da yake ji a da babu, sai warin bunsuru.

Tuje ya kira shi da murya a dushe. Ya ce, "Kai Kurege, ina 'yan matan?"

Kurege ya ce, "Suna hango ka daga nesa, Yallaɓai. Ci gaba."

Sai ga Zabuwa ta zo wucewa da ɗan ƙunshin kayanta. Ta tsaya ta dube su. Ta ce, "Yaya Tuje, girma ne da kai amma babu wayo. Wace 'yar mutunci ce za ta tsaya a fili, ido na ganin ido, tana kallon namiji yana rawa? Ganyen da ka ce ya tare su, shi ne ya kawo su. Sun tafi tun tuni. Kai kuma mai kwando, ƙwai kake nema? In babu rawa ina aure, in babu aure ina ƙwai? Mu ma da muke da mazanmu, wa zai zuba cikinsa a kan rairayi hankaki suna kallo?"

Ta saɓa kayanta ta wuce. Tuje ya sauke wuya, wuyan ya saɓule, ya fashe da kuka. Wallahi ya ba ni tausayi, yara, don shi ba mugu ba ne, mata kawai yake so. Kurege ma ya ajiye kwando zai taya shi, amma shi ƙwai yake yi wa kuka.

Suna cikin haka sai wata inuwa ta gilma a ƙasa. Tuje ya ɗaga kai, ya ce, "Shaho!" ya buga fiffike ya yi gaba. Kurege ya zabura zai faɗa rami. Wane rami? Da can a gindin wata geza yake, yanzu babu geza, ko'ina iri ɗaya, iska kuma ta cike bakin da rairayi. Ya yi nan, fili. Ya yi can, fili. Shaho ya sauko a tsanake ya cafke shi ta ƙugu.

Shaho ya ce, "An ce kai ka sa aka yi wannan shara."

Kurege ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙaramin aikina ne."

Shaho ya ce, "Da fari na sa maka albarka. Komai a fili, na ci na ƙoshi har na yi kyauta. Yanzu kuwa wanda ban ci ba ya gudu. Rabona da abinci har na manta. Kai kaɗai ka rage, sai ka yi haƙuri."

Ya ɗaga baki zai sara. Kurege ya ce, "Ranka ya daɗe, cina dai ba komai, abin alfahari ne ga zuriyarmu. Amma a nan?"

Shaho ya ce, "Nan ɗin me ya yi?"

Ya ce, "A fili? Babban mutum kamarka, a gan shi a tsugune a tsakar rana yana cin abinci, maiƙo a baki, gashi a haɓa? Dubi hankaki can. Kafin la'asar labari ya kai ko'ina, a ce Shaho ya lalace, a bakin hanya yake ci."

Shaho ya waiwaya, ya ga hankaki kuwa sun jeru suna kallo. Ya gyara tsayuwa ya ce, "Kai, yaron nan kana da tarbiyya. Bari mu nemi wurin sutura."

Ya tashi sama da Kurege a ƙafa. Suka duba ƙasa, babu ko reshe.

Kurege ya ce, "Ƙara gaba kaɗan, ranka ya daɗe."

Ya ƙara gaba. Kututture, rairayi, awaki.

"Ƙara gaba kaɗan."

Shaho ya ce, "Kai, fiffikena ya gaji. Wane la'ananne ne ya share wurin nan haka?"

Kurege ya ce, "Allah dai ya isa, ranka ya daɗe."

A zuciyarsa kuwa addu'a yake, "Ya Allah sabara, ko guda, ko 'yar ƙarama!" Shi da ya ce ita ce abokiyar gabarsa.

Can a ƙarshen daji sai suka hango wani kurmin sabara a kan tsohon suri. Nomau ya bar shi ne don ranar da ya zo sara ya ga kububuwa a gindin, ya yar da gatari ya ruga. Shaho ya ce, "Madalla," ya sauka a kai. To reshen sabara siriri ne, ba ya ɗaukar babban mutum mai ƙafa ɗaya. Reshe ya lanƙwashe, Shaho ya yi tangal-tangal.

Kurege ya ce, "Riƙe da kyau, ranka ya daɗe, kada ka faɗi a gaban jama'a!"

Shaho ya kai ɗaya ƙafar, wadda ke riƙe da Kurege, ya damƙi reshe. Kurege ya sulale, sulululu, ya faɗa cikin ganye. Shaho ya cusa kai, rassa suka tare shi. Ya cusa ƙafa, ya jawo busasshen ganye. Ya yi zagi, ya yi zagi, ya koma sama yana shawagi.

Kurege kuwa bai faɗo a ƙasa ba, a kan Bushiya ya faɗo. Ya yi ƙara ya yi tsalle, ya taka Damo. Ya ja da baya, ya ci karo da Zomo. Ashe duk wanda ya rage a dajin yana nan a cushe, Fakara a kan Zomo, Zabuwa a kan kayanta, har da Tuje, wanda wuri bai ishe shi ba, kansa kawai ya sa a ciki don kunya.

Duk suka zuba wa Kurege ido. Sai Fakara ta ce, "A fitar da shi."

Kowa ya ce, "A fitar da shi!"

Kurege ya dubi sama ta tsakanin ganye, ya ga Shaho yana nan. Ya faɗi ya kama ƙafar Zabuwa. Ya ce, "Gwaggo, na tuba, na bi Allah na bi ki! Ku saurare ni. Da ina sama na ga abin da ba ku gani ba. Kututturen nan ba su mutu ba, toho suke yi, awaki ne ke cinyewa. In aka tsare su, sabara za ta tashi. Ni zan tsare."

Zomo ya ce, "Kai? Wa zai yarda da kai?"

Zabuwa ta ƙare masa kallo. Can ta ce, "Ni ban yarda da shi ba, amma na yarda da cikinsa. Duk dajin nan babu wanda ya kai shi son a yi ƙwai. Ku bar shi ya yi gadi."

Haka kuwa aka yi. Kurege ya zama mai gadin kututture, ido ɗaya a sama, ido ɗaya a kan awaki. Akuya ta kai baki ga toho, ya cije ta a dunduniya. Bunsuru ya zo da faɗa, Kurege ya ɗare masa gemu ya ƙi sauka, har Bunsuru ya rantse ba shi ba wannan wuri. Kurege ya je wurin Nomau zai yi masa dogon bayani, ya tarar ba a bukata. Iska ta binne wa Nomau gero da rairayi, ɗan abin da ya tsira fara ta cinye, don babu zabin da za su tsince ta. Matarsa kuma ta hana shi sakat, ta nemi ganyen sabara na magani ta rasa. Nomau ya ce, "Ni da ɗanyen reshe har abada. Kuma in na sake ganinka a ƙofar gidana, da kai za a yi miya."

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Toho ya zama reshe, reshe ya yi ganye. Ba a koma kamar da ba, kada in yi muku ƙarya. Sarewa ba ta ɗauki rani guda ba, tashi kuwa sai da Kurege ya yi furfura a jela, kuma Gada har yau ba ta dawo ba. Amma fakara sun dawo, 'yan matan tuje sun dawo, har Tuje ya samu wata bazawara mai raunin ido ta ce ta ji ta gani.

Akwai wata sabara da Kurege ya fi wahala a kanta, don a bakin hanyar awaki take. Nan yake wuni, nan yake jingina bayansa in ya gaji. Wata safiya yana zaune sai ya ji motsi a bayansa, tsiyau, tsiyau. Ya waiwaya. Sai ga Zabuwa ta fito daga gindin sabarar nan, 'yan tsaki na biye da ita, wani na bin wani, wani na bin wani, ba su ƙarewa.

Kurege ya ce, "Gwaggo, daga ina?"

Ta ce, "Daga nan bayanka. Ina ne ya fi nan tsaro?"

Ya ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun farkon ruwa. Har jelarka takan shigo ta rufe su in na fita kiwo, ɗuminta ya taimaka ƙwarai. Yara, ku gai da kawunku."

'Yan tsaki suka haɗa baki, "Kawu, ina kwana?"

Kurege ya zabura ya miƙe. Ya kutsa cikin ganye, ya tarar da ɓawo fal sheƙa. Ya ɗauki ɗaya ya lasa, ya lumshe ido, hawaye suka zubo. Ya fito ya bi 'yan tsakin nan da kallo, yana duba matan cikinsu. Sai ya ɗaga hannu sama ya ce, "Allah ya raya ku. Allah ya tsare ku daga shaho da gatari. Ku girma, ku yi aure, ku yi ƙwai da yawa, da yawa, da yawa!"

Tun da aka haife shi bai taɓa yin addu'ar da ta fito daga can cikin cikinsa irin wannan ba. Yana shafawa ya hango wata akuya ta nufo, ya ajiye ɓawo ya bi ta da gudu.

Ƙurunƙus kan ɗan kurege. Darasin kuwa shi ne, ɓarawon kirki yakan bar wa mai kaya wurin ɓoyo, don baɗi ma a samu abin nema. Wanda ya ce ƙarya na yi, gobe ya je ya leƙa gindin sabara. In bai ga ƙwai ba, to maganata ta tabbata. Amma ya tafi da idonsa kawai, gatarina yana nan inda na ajiye shi.